Azola: Ɗan Tsiron Fadama da Ake Raino a Cikin Baho

Ina gaida mutanen Yelwa da Bin Yauri da Zamare, da na Wara da Ngaski, da na ƙasar Shanga, da duk wanda muryata ke riska a cikin jirgi ko a tungar masunta a bakin tafkin Kainji. Manoma da masu kiwo, Allah ya ba da sa'a. Iyayenmu mata da ke cikin gida, sannunku da aiki, ku ɗan matso kusa da akwatin rediyon, domin rabin maganar yau taku ce.

Sharhinmu na yau a kan wani ɗan tsiro ne wanda girmansa bai wuce farcen babban yatsa ba. Da yawanmu mun sha ture shi gefe da bayan ƙwarya in za mu ɗebi ruwa a fadama, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi sunansa ba. Malaman gona suna kiransa azola. Roƙona a yau shi ne duk gidan da ke da kaji, ko agwagi, ko ɗan fangalin shinkafa, ya ware baho ɗaya ya yi rainon wannan tsiro, ya kuma koyi yadda zai tsallakar da shi zafin bazara da ransa.

Azola ɗan wani tsohon dangi ne na tsirrai waɗanda ba sa fure, ba sa 'ya'ya, ba sa ƙwayar iri irin wadda muka saba shukawa. Wani gari mai laushi suke fitarwa, da shi suke hayayyafa, wasunsu kuma sukan yaɗu ta hanyar rabuwar jikinsu. Masu maganin gargajiya sun san ɗaya daga cikin dangin, wato agugu, wanda ake amfani da saiwarsa wajen maganin tsila. Wanda kuma ya taɓa shiga manyan gidaje ko otal-otal a Abuja ko Kaduna ya ga wani ɗan uwan nasu a cikin tukunyar ado, mai dogayen ganyaye masu tsaga-tsaga da ke zubowa ta gefen tukunyar. In har wani ya sayo irin wannan a wajen masu sayar da furanni na bakin titi ya kawo shi Yauri, to ya samar masa tukunyar ƙasa mai huji a gindi, ya cika ta da ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye, ya ajiye ta a gindin randa, inda danshi ba ya yankewa. Kada ranar tsaka ta taɓa shi, kada iskar hunturu ta riƙa dukansa kai tsaye. Ƙasar kada ta bushe ƙayau, kada kuma ta zama taɓo. In ka juya ganyen ka ga wasu ɗige-ɗige masu launin ƙasa sun jeru reras a bayansa, kada ka ce cuta ce ka hau yanka, wurin da garin haihuwar yake ke nan. Amma a faɗi gaskiya, wannan tsiron kurmi ne. Ƙasarmu ruwan da take samu a shekara yana kewayen milimita 1,000, sa'an nan a yi wata biyar ko shida ko ɗigo babu. Wanda ya raine shi a nan ya yi ƙoƙari, sai dai ado kaɗai zai samu. Ɗan dangin da Allah ya ajiye mana a ƙofar gida, mai ado da amfani a haɗe, shi ne na kan ruwa.

To yaya za ka gane shi? Je ka inda ruwa yake kwance ba ya gudu, kududdufi, ko gefen fangali, ko lungun da tafki ya ja baya ya bari. Kainuwa dai kowa ya san ta, mai ganye buɗe da faɗin tafin hannu, ba ita muke nufi ba. Akwai kuma wasu 'yan ƙananan ganyaye kewayayyu masu santsi da ke rufe ruwa, su ma ba su ba ne. Tsamo azola ka ɗora a tafin hannunka, ka kawo shi kusa da ido. Za ka ga ɗan reshe ne mai kusurwa uku, ganyayensa ƙanana ƙwarai, sun hau kan juna kamar ɓawon kifi, ga 'yan saiwoyi sirara suna lilo a ƙarƙashi. A inuwa kore ne shar, a tsakar rana kuma yakan yi jaja-jaja. Mayar da shi kan ruwan, ka danna shi ƙasa da yatsa, ka saki. Zai taso nan take, bayansa a bushe, ko ɗigon ruwa bai kama shi ba. In ka ga haka, shi ne.

Abin mamakin yana cikin ganyen. Kowane ɗan ganye yana da wani ɗan kogo a jikinsa, a cikin kogon kuma akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani sai da madubin bincike, 'yar dangin gansakuka, wadda masana suka sa wa suna anabaina. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari naitirojin ne, wato sinadarin da muke biyan kuɗi mu sayo a cikin buhun yuriya. Yana nan birjik a sama da gonar kowa, amma shinkafa da masara ba su da ikon ɗaukarsa daga iska. Wannan ƙwayar ita ke kamo shi, ta mayar da shi abincin tsiro, ta ba azola, shi kuma ya ba ta masauki da abin da take ci. Duk manomin da ya lura da yadda gona ke yin kyau bayan wake ko gyaɗa ya riga ya san irin wannan aikin, domin su ma ƙwayoyin da ke cikin ƙululun saiwarsu abin da suke yi ke nan. Bambancin shi ne azola ba ya rabuwa da abokiyar zamansa. Duk inda ka kai shi, tana tare da shi, daga uwa zuwa ɗa.

Saboda haka ne yake da saurin yaɗo. In ya samu yadda yake so, yakan ninka kansa cikin kwana 3 zuwa 5. In aka shanya shi ya bushe, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsa furotin ne, sinadarin gina jiki da ake nema a abincin kaji da kifi. Sai dai a nan ina so a saurare ni da kyau, domin akwai masu tallansa a Facebook da WhatsApp da ke zuzuta shi fiye da kima. Ɗanyen azola, fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ne. In ka tsamo kilo 10 ka shanya, abin da zai rage bai kai kilo ɗaya ba. Duk wanda ya ce maka da azola ka rabu da sayen dusa da abincin kaji har abada, bai gaya maka gaskiya ba. Ƙari ne, ƙari mai kyau, kuma na kyauta.

Ba yau aka fara wannan sana'a ba. Manoman shinkafa a kudancin Sin da arewacin Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna baza azola a gonakinsu a matsayin taki. Labarin Biyetnam ɗin shi ya fi jan hankalina, domin matsalarsu irin tamu ce. A can, azola yana bunƙasa ne a lokacin sanyi, in zafi ya shigo sai ya mutu a gona. Kowace shekara sai an nemi sabon iri. A lardin Thai Binh, a ƙauyen La Van da wasu maƙwabtansa, akwai 'yan gidaje ƙalilan da suka san dabarar riƙe irin a cikin ƙananan tafkuna har zafi ya wuce. In lokacin shuka ya zo, manoma daga nesa sukan yi tattaki su zo saye, da tsada kuwa. Sun tsare sirrin sosai, har an ruwaito cewa 'ya'ya maza kaɗai ake koya wa, don kada 'ya mace ta yi aure ta kai shi wani gari. Sai daga shekarun 1950 hukuma ta shigo ta yaɗa dabarar ga kowa. Daga baya, da takin zamani ya yi araha, kuma aikin azola yana cin hannu, sai manoma da yawa a can suka yi watsi da shi. Wannan ma gaskiya ce da ya kamata mu sani. Amma ku lura da inda darajar take: a hannun wanda ya iya riƙon iri a lokacin zafi. Shi kuwa riƙon iri ba gona yake bukata ba. Ɗan mazubi yake bukata, da inuwa, da mutum mai kula.

Mu a nan ba baƙin aikin ruwa ba ne. Tun kafin a fara gina madatsar Kainji a 1964, a kammala ta a 1968, Gungawa sun shahara da noman albasa a tsibiransu, suna ban ruwa da ƙwarya, fangali bayan fangali. Ruwan tafkin ya tashi mutum sama da 40,000 daga garuruwansu, tsibirai da yawa suka nutse, amma hannun bai manta ba. Har gobe albasar Yauri da kifin Yauri da shinkafar Yauri suna da suna a kasuwannin ƙasar nan. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya ƙara faɗi a jihar nan. Sai dai kowa ya san inda takalmin ke matsa mu yanzu: kuɗin taki, da kuɗin man injin ban ruwa, da kuɗin abincin kaji da na kifi. Uwargidan da a da take watsa wa kajinta tsaba ba lissafi, yau sai ta auna. A irin wannan hali, abin da zai rage maka ko da kashi ɗaya cikin goma na kashe kuɗi, ba abin rainawa ba ne.

Bari mu zo kan yadda ake yi. Samu baho mai faɗin baki, faɗi ake so, ba zurfi ba. Kwatarniyar ƙasa ta fi kowanne, domin tana sanyaya ruwa. In babu, bahon roba ya wadatar, ko da tsoho ne, muddin ba ya yoyo. A guji daron ƙarfe, yana ɗaukar zafi. A wanke mazubin tas, kada a bar ko ƙanshin sabulu ko omo ko man ja. A tankaɗe ƙasar fadama mai kyau a shimfiɗa a gindinsa, kaurin yatsa biyu. A ɗauki tafin hannu ɗaya na kashin shanu wanda ya kwana biyu, a dama shi da ruwa, a tace, a zuba. Sai a ɗebo takin supa da yatsu uku a barbaɗa. A cika ruwa ya kai tsawon yatsa da ɗan ɗoriya a saman ƙasar, wato kamar santimita 10. Ruwan sama ko na kogi ya fi. In na famfo ne mai magani, a bar shi ya kwana a buɗe. Ruwan rijiya mai zartsi ba ya yi, gishiri maƙiyin azola ne. A bar komai ya kwanta har gobe, sa'an nan a kawo azola cikin tafi biyu a baza a hankali a kan ruwan.

Me ya sa supa, ba yuriya ba? Domin naitirojin dai ya riga yana da mai kawo masa. Abin da ba ya iya samu daga iska shi ne fosfaras, wanda ke cikin supa da kashin shanu. In ka zuba masa yuriya, gansakuka za ka ciyar, ta taso ta shaƙe shi, ita kuma abokiyar zaman tasa ta rage aiki. Na san hannun manomi yana ƙaiƙayin watsa yuriya ga duk abin da yake kore. A wannan karon a riƙe hannun.

Wannan awo da na bayar ba daga kaina na ƙago shi ba. Ragi ne na tsarin da wata cibiya mai suna Vivekananda Kendra da ke Kanyakumari a kudancin Indiya ta yaɗa a tsakanin masu kiwon shanu. Su rami suke haƙawa mai mita 2 tsawo da mita 2 faɗi, su shimfiɗa tamfal, su zuba ƙasa kilo 10 zuwa 15, da kashin shanu kilo 2, da supa giram 30, su baza iri rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 15 ramin ya cika, daga nan sai su riƙa tsamar kimanin rabin kilo kowace rana. Wanda bahonsa ya yi kyau har ya ga zai iya, to wannan ramin shi ne mataki na gaba. Amma kada a fara da rami. A fara da baho, a san halin tsiron tukuna.

Inda za a ajiye bahon shi ne rabin aikin. Azola yana son haske, amma ba ya son ranar da ke tsaye a ka. Wurin da hantsi ke taɓawa, inuwa ta rufe shi kafin azahar, shi ne daidai: gabashin ɗaki, ko ƙarƙashin rumfar zana, ko gindin dogon yaro ko mangwaro. In a gindin itace ne, a ɗaura tsohon gidan sauro a sama, don kada busasshen ganye ya riƙa zuba yana ruɓewa a ciki. Gidan sauron zai kuma tsare shi daga kaji da agwagi da awaki, domin agwagwa ɗaya in ta samu shiga, kafin ki dawo daga ɗaki ta share bahon. A kuma ajiye shi inda yara masu rarrafe ba za su kai ba, ruwa komai ƙanƙantarsa ba abin wasa ba ne ga jariri.

Shi tsiron da kansa zai riƙa gaya miki halin da yake ciki, uwargida, in kina dubansa kowace safiya. In kore ne shar, guntayen manya-manya, saiwoyin gajeru, to lafiya lau. In ya fara ja, ɗayan biyu ne: ko rana ta yi masa yawa, ko yana jin yunwar fosfaras. Ƙara inuwa tukuna. In bayan 'yan kwanaki bai dawo ba, guntayen sun ƙanƙance, saiwoyin sun yi tsawo suna neman abinci a ƙasa, sai ki dama ɗan kashin shanu da ɗan supa ki zuba. A ƙa'ida ana yi masa wannan ƙarin sau ɗaya a mako. In ya yi baƙi-baƙi yana narkewa, ruwan yana wari, to taki ya yi yawa ko zafi ya dafa shi. Tsamo masu rai, ki ɗauraye su, ki sake sabon haɗi. In kin ga an liƙe 'yan ganyaye wuri ɗaya da wani zare-zare, tsutsa ce a ciki, a cire da hannu a jefa wa kaji. Kada a kuskura a fesa maganin ƙwari, abin da dabbobinki za su ci ne. Duk kwana goma a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba wa alayyafo ko yakuwa, a mayar da sabo. Bayan wata shida a juye ƙasar a gona, a sake wata.

Kuma a riƙa tsama. Wannan shi ne abin da masu farawa suka fi jin nauyinsa, sai su ga bahon ya cika ya yi kyau, su ƙi taɓawa. In ya cunkushe ya hau kan juna, na ƙasa ya rasa haske ya ruɓe, ruɓar ta kama na sama. Da ya rufe fuskar ruwan, a sa rariya a kwashi kashi ɗaya cikin uku, a baza sauran. Jibi ko gata ya mayar da gurbin. Kada kuma a kwashe da yawa har ruwa ya buɗe fili. Shimfiɗar azola in ta rufe ruwa ruf tana hana sauro yin ƙwai, amma bahon da rabinsa ke buɗe gidan sauro ne a tsakar gidanka. In kin ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, a tace ruwan a canza.

To ga bazara. Azola ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 zuwa 30. In ruwa ya haura 35 ya fara wahala, kusa da 40 kuma sai mutuwa. Mu kuwa a Maris da Afrilu, zafin Yelwa yakan taɓa digiri 40. Ɗan ruwa mai tsawon yatsa a cikin baƙar roba, in rana ta same shi, kafin la'asar ya zama ruwan wankan jego. A wannan lokacin a manta da maganar girbi, riƙon rai ake yi. A haƙa rami a gindin itace mai duhun inuwa, a binne kwatarniyar har wuya, a riƙa jiƙa ƙasar da ke kewaye da ita. A ƙara zurfin ruwan ya ninka na da, ruwa mai yawa ba ya saurin ɗumi. Da azahar a tsoma yatsa. In an ji ɗumi, a rage kaɗan a ƙara mai sanyi daga randa, a zuba ta gefe a hankali. A rage taki, a rage cunkoso. Sa'an nan kada a tara irin wuri ɗaya. Ki ba maƙwabciyarki tafi ɗaya, ki kai wa 'yar uwarki da ke wata unguwa tafi ɗaya. In naki ya mutu, kin san inda za ki samo. Mutanen La Van ɓoyewa suka yi don su sayar. Mu a yanayinmu, rabawa ce za ta tsare mana shi. Matar da ta fito da bahonta kore a farkon damina, ita ce za a riƙa sallama a ƙofar gidanta.

Wajen ciyarwa, a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta don warin kashin shanu ya fita, a bar shi ya tsane a kwando. Agwagi ba sa bukatar lallashi. Kaji da zabi a fara cakuɗa musu da dusa har su saba, kuma kada ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na abincinsu in an auna a bushe. Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, tana cinsa a kan ruwa. Tarwaɗa kuwa mai son nama ce, azola ba zai maye mata gurbin 'yan kifin warangi ko abincin buhu ba, kada mai kiwon tarwaɗa ya sa rai da yawa. Masu shanun tatsa a Indiya sukan ba saniya kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, gauraye da abincinta.

Maganar gonar shinkafa ita ce babba, ita ce kuma take son taka-tsantsan. Gwaje-gwajen da cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta jagoranta a ƙasashe da dama sun nuna cewa shimfiɗa ɗaya ta azola, in aka tattake ta cikin taɓo ta ruɓe, tana ba hekta ɗaya kimanin kilo 30 na naitirojin. Buhun yuriya mai kilo 50, naitirojin ɗin da ke cikinsa kilo 23 ne. Kun ga ke nan buhu ɗaya da ɗoriya. Ga kuma rage ciyawa, domin inda ya rufe, haske ba ya kai wa ƙasa. Amma sai fangalin da ke riƙe ruwa. Gonar jigawa da ake ba ruwa da safe ya tsotse kafin yamma, ba ta azola ba ce. Shinkafar da ruwa ke shanyewa har ƙirji, ita ma ba tasa ba ce. Kuma a dashe ake sa shi, bayan kamar mako ɗaya da dasawa, in shinkafar ta kama ƙasa ta ɗaga kai. In yafi aka yi, zai danne 'yan tsiron. A ganina noman raninmu ya dace da shi: a dasa a cikin sanyin Janairu, azola ya yaɗu a Fabrairu, zafin Maris ya kwantar da shi ya zama taki daidai lokacin da shinkafa ke shirin ɗaukar ciki. Haka ya riƙa yi wa manoman arewacin Biyetnam. Ina ba da shawara manomi ya gwada a fangali ɗaya, ya bar na kusa da shi babu, ranar girbi ya auna da tiya ya gani da idonsa.

Yanzu ga gargaɗi, kuma ina roƙon sarakunan ruwa da shugabannin masunta su riƙe wannan. Masuntanmu ba su manta da baƙuwar ciyawar nan mai kumburarren wuya da shuɗin fure ba, wadda ta gangaro ta kogin Kwara ta shigo tafkin Kainji a ƙarshen shekarun 1980, ta toshe mashigai, ta yaga kalli, ta hana jirage wucewa, har sai da aka tashi gari-gari ana kwasarta da hannu a ƙarƙashin shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma a matsayin furen ado mutane suka yaɗa ta a duniya. A Senegal, a 1999, wani ɗan dangin azola mai suna salbiniya, ɗan asalin Brazil, ya kuɓuce daga inda ake gwajin nomansa don abincin kaji, ya faɗa kogin Senegal, ya rufe magudanai da mashayar dabbobi, sai da aka kawo wani ƙwaro mai cinsa sa'an nan aka shawo kansa. Shi kansa azola akwai nau'insa na Amurka da ya addabi madatsun ruwa a Afirka ta Kudu, har aka saki ƙwaron da ke cinsa a 1997. Saboda haka irin da za mu raina ya zama namu na gida, wanda muka tsamo daga fadamarmu. Wanda ya riga ya sayo iri daga nesa bai san asalinsa ba, ya tsare shi a cikin gida, nesa da inda farin ruwa ko baƙin ruwa ke kaiwa in kogi ya cika. In ya gaji da shi, ya shanya a rana ya bushe ya zuba a gona. Kada a juye shi a tafki, kada a juye a kwata mai gangarawa kogi.

Wajen tsamo na gidan ma akwai kula. Ruwan da ke kwance shi ne mazaunin ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya, cutar fitsarin jini da ta daɗe tana damun yaran bakin tafki, wasunsu kuma suna ɗauke da tsutsar hanta ta dabbobi. Kada a aiki yara su shiga ruwan. Babba ya tsaya a gefe, ya sa rariya mai dogon mariƙi ya kwaso. A gida a baza shi a faranti, a tsince duk katantanwa da ƙwanta mai yauƙi da ke manne, a ɗauraye sau da yawa. Kwasar farko kada a ba dabba. A bar shi ya hayayyafa a cikin baho mako biyu, ana dubawa, sa'an nan a fara ciyarwa daga sabon yaɗon.

Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, a bakin wannan tafki namu, muna da hukumar raya noma ta jihar Kebbi da malaman gonarta, ga jami'ar aikin gona ta tarayya a Zuru. Kirana gare su shi ne su taimaka da abu biyu: su tantance wa jama'a nau'in gida, don kada a yi kitso da ƙwarƙwata, su kuma ajiye 'yan ramukan iri a Yauri da Ngaski da Shanga inda ƙungiyoyin mata da na manoma za su riƙa zuwa ɗiba in nasu ya mutu. Aiki ne na tamfal da rumfa da mutum ɗaya mai lura.

Wanda zai fara, lokacin da ya fi sauƙi shi ne ƙarshen damina zuwa kaka, sa'ad da kududdufai ke cike, tsiron yana samuwa, zafi kuma ya sauka. Ya samu watannin sanyi ya saba da shi, ya ciyar da kajinsa, in yana da fangali ya gwada a Janairu, kafin Maris kuma ya riga ya haƙa ramin kwatarniyarsa a inuwa. Nan za mu dakata a sharhinmu na yau. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare masu shiga ruwa.